Giɓin Kulu

Litinin, 7 ga Mayu 1990, bayan La'asar

Tun makon jiya na dawo daga Legas, amma har yau kaina yana can. In na rufe ido sai in ga ɗakin nan mai sanyi na asibitin koyarwa, mu likitocin haƙori daga jihohi daban-daban muna zaune kamar 'yan firamare, wasunmu har da furfura. Farfesa tana tsaye a gabanmu, wata dattijuwar Bayarbiya da ta koyo aikin a Suwidin. Ta ɗaga wani ɗan ƙarfe da bai kai gaɓar yatsa ba, ta ce sunansa titaniyam. A huda ƙashin muƙamuƙi, a murɗa shi ciki kamar sukuru, a ɗinke dasashi a kansa, a ƙyale shi wata da watanni. Ƙashin da kansa zai zo ya rungume shi. Sannan a buɗe a ɗora haƙori. Ba irin na roba da ake cirewa a jiƙa a kofi ba. Haƙori mai saiwa.

Tun da na kama aiki a Yelwa, cirewa kawai nake yi. Ban taɓa mayar wa mutum abin da ya rasa ba.

Rabin kwas ɗin ke nan. Sauran rabin sai tsakiyar Yuni, kuma kowa zai zo da majinyaci ɗaya ya yi masa dashen da hannunsa a gaban Farfesa. Abokan karatuna suna ta tunanin wanda za su kawo. Ni ban yi wani tunani ba. Huɗu ne, na sama, na gaba. Na san bakin nan fiye da nawa.

Ban gaya wa matata Kulu ba tukuna.

Talata, da hantsi

Umaru mahauci ya ba ni muƙamuƙin saniya don in riƙa gwada huda. Ya ce, "Likita, mi za ka yi da ƙashi ba nama? Ko dai albashi ya yi nisa?" Na yi dariya. Na ji dariyar tamkar wani ne ya yi ta a bayana.

Alhamis, bayan Magariba

Na kai ƙashin gida, na ajiye shi kan tabarma a gaban matata, na yi mata bayani tun daga farko. Na nuna mata ramukan da na huda. Na ce ba za ta ji zafi ba. Na ce kafin shekara ta zagayo ko ni ba zan iya bambanta su da na Allah ba. Na yi ta zuba kamar mai tallar magani a kasuwar Yelwa.

Tana zaune, gefen gyalenta a bakinta, yadda take yi tun ranar da jirgin ruwa ya kife a Warra. Ta kalli ƙashin, ta kalle ni.

Ta ce, "Tuwo zai huce."

Juma'a, da safe

Ƙananan takalman nan har yanzu suna bakin ƙofar ɗaki. Kulu tana sharewa ta zagaye su.

Lahadi, 13 ga Mayu, bayan Azahar

Zafi ya kwantar da ni, barci ya ɗauke ni a kan kujera. Na ga ina tafiya a ƙarƙashin tafkin Kainji, ina numfashi lafiya lau. Tsofaffin garuruwan da ruwa ya ci lokacin da aka gina dam suna nan yadda Inna ke ba mu labari: rumbuna, rijiyoyi, wata kuka a tsakiyar fili, kifaye suna shiga ta ƙofar zaure suna fita ta taga. Bishiyoyi duk suna tsaye, ba ganye, farare fat. Farfesa tana gabana da farar rigarta tana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa in duba yadda ƙasa ta riƙe su. Can nesa na ji ana wasan 'yar carafke, ina jin ƙarar duwatsun, amma duk lungun da na leƙa ba kowa.

Na farka wuyana ya ƙage.

Talata, bayan La'asar

Na je gaida Inna. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗahiru, an ce ka kai wa Kulu ƙashin saniya."

Na ce aikin karatu ne.

Ta ce, "Kai dai tun kana ƙarami, in tulu ya fashe sai ka zauna kana haɗa shi da ƙaro. Ka tambaye ta abin da take so?"

Na ce ai kowa yana son haƙoransa.

Sai ta ambaci sunan 'yarmu. Ita kaɗai ke ambatarsa, don ita kaka ce, kunyar ɗan fari ba ta hau kanta ba. Ta faɗe shi a hankali cikin addu'a. Na ce ina da majinyata, na tashi. Ba ni da kowa a asibiti da yamma, ita ma ta sani.

Alhamis, da hantsi

Na ƙone ƙashi. Farfesa ta yi ta nanata mana cewa a huda a hankali, ana zuba ruwan gishiri mai sanyi, don in ƙashi ya ɗauki zafi ya mutu, kuma mataccen ƙashi ba ya riƙe komai. Na sani sarai. Amma na danna injin ina tunanin wani abu dabam, sai warin ƙauri ya tashi. Sista Rahamatu, wadda muke aiki tare, ta buɗe taga.

Litinin, 21 ga Mayu, da rana

Yau ya zo.

Na leƙa layin majinyata na gan shi a ƙarshen benci, ya naɗe haɓarsa da rawani. Tanko. Shi ke tuƙa jirgin ran nan. Ban ƙara ganinsa ba tun da 'yan sanda suka sake shi. Ya rame har wuyan rigarsa ya sauko kafaɗa.

Na koma ciki na wanke hannu. Na sake wankewa. Na ce wa Rahamatu ta ba shi maganin ciwo ta sallame shi.

Ta ce, "Likita, ba ciwo ya kawo shi ba. Hannun injin ne ya doke shi ran nan, muƙamuƙin ya karye, na ƙasa na gaba duk sun zube. Ƙashin ya haɗe, amma ba ya iya tauna. Kunu yake sha tun bara."

Na ce, "Ki ba shi magani."

Ta ba shi. Ta taga na ga ya tsaya a gindin dalbejiya yana juya ƙullin maganin a hannu, sannan ya tafi.

Talata, da safe

Ban yi laifi ba.

Laraba, da safe

Akwai likitan haƙori a Sakkwato. Akwai a Kontagora. Ba ni kaɗai ba ne a duniya.

Asabar, 26 ga Mayu, bayan La'asar

Na hau babur ba tare da na shirya zuwa ko'ina ba, sai ga ni a Warra. Tafkin ya ja baya sosai, kamar yadda yake yi kafin ruwan sama ya kankama. Inda jirage ke tsayawa da kaka yanzu laka ce ta tsage, mata suna shanya ƙananan kifaye a kai. Can cikin ruwa kututturan bishiyoyi sun fito, baƙaƙe, ba iyaka, wasu da balbela a kansu. In ruwa ya cika ba mai ganinsu. Suna nan dai a ƙasa suna jira.

Na tsaya ina kallonsu ina tambayar kaina, wanne ne ya kifar da jirgin? Kamar in na gane shi wani abu zai canza.

Ruwan ya kwanta lumui, sama ta sauko cikinsa, har na kasa gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Wani kwale-kwale ya wuce kamar a iska yake tafiya. Na ji da zan taka ruwan nan zai ɗauke ni.

Wani tsoho mai gyaran koma ya gane ni. Ya yi mini gaisuwar rashi, wadda aka daina yi mini a Yelwa. Ya ce Tanko bai ƙara taɓa inji ba, ko kwale-kwale ba ya shiga, shi da iyayensa Gungawa ne, a kan ruwa aka haife shi. Ban tambaye shi ba. Shi ya ga dama ya faɗa.

Talata, 29 ga Mayu, da hantsi

Kulu ta yarda ta zo asibiti a ɗauki hoton ƙashin! Da kanta ta ce, "Mu tai, in shi zai sa ka ci abinci." Rahamatu ta riƙe mata hannu. Da na ɗaga hoton a hasken taga sai da na yi hamdala da ƙarfi. Ƙashin ya warke, yana da kauri, yana da tsawo. Farfesa za ta ce ba ta taɓa ganin wuri mai kyau haka ba.

Na sayo tsire a hanya. Na yanyanka mata ƙanana.

Laraba, bayan Azahar

Na auna hoton, na zana inda kowane ƙarfe zai zauna. Na yi mafarkinta a Legas, a bakin teku, tana cin rake.

Juma'a, 1 ga Yuni, bayan an sauko masallaci

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na ce mata ta fara shiri, tafiya ta matso. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariyar, ta ce, "Likita, zauna."

Na zauna a kan turmi.

Ta ce, "Ka taɓa tambayata mi ya cire su?"

Na ce ai na sani, gefen jirgi ne.

Ta ce, "Kai ka ce gefen jirgi. Kai ka ɗinke ni, kai ka rubuta, ni ban ce ba." Muryarta tana fita da iska ta wurin giɓin, shi ya sa ba ta son doguwar magana, amma yau ba ta tsaya ba. "Tana kan cinyata. Da muka daki kututturen, ƙeyarta ce ta doki bakina. Kanta ne, Likita. Daga nan ruwa ya raba mu. Ban ƙara taɓa ta ba."

Ta sa harshe a wurin. Na sha ganin tana yin haka, ina cewa a raina dasashin ne ke mata ƙaiƙayi.

Ta ce, "Nan ne wurin da ta taɓa ni na ƙarshe. Ba a ba mu gawa ba, ba mu da kabarin da za mu je. Wanga wuri shi ke gare ni. Kai kuma kana son ka toshe shi da ƙarfe."

Kaji suna ta tsattsagar garin da ya zube. Ba wanda ya kore su.

Ta ce, "Altine." Sau ɗaya. Tun da aka haife ta ban taɓa jin sunan a bakin uwarta ba.

Ni ma na faɗa. Ya fito mini kamar kalmar wani yare.

Asabar, da safe

Na ce wa Umaru ya daina ajiye mini ƙashi.

Lahadi, da yamma

Hadari ya haɗu ta gabas, ya watse.

Talata, 5 ga Yuni, da hantsi

Ba zan koma Legas ba. Na gaya wa Rahamatu. Ta ce, "To." Ta ci gaba da dafa kayan aiki. An jima ta ce, "Jihar Sakkwato kaf kai kaɗai aka ɗauka." Na ce na sani. Na cire wa wani ɗan kasuwa turmin haƙori, na cire wa wata tsohuwa biyu. Hannuna ya san wannan aikin, ba ya bukatata.

Alhamis, bayan Magariba

An yi ruwan farko mai ƙarfi. Muka zauna a rumfa ni da Kulu muna kallon yadda yake zuba daga indararo. Ƙasa ta yi ƙamshi. Mun daɗe ba mu zauna kusa haka ba. Ta kawo miyar karfasa, na ce kifin nan ya yi daɗi, wa ke kawo mata?

Ta ce, "Delu, matar Tanko. Duk ranar kasuwa. Da farko a zaure take ajiyewa ta gudu. Yanzu tana shigowa."

Na ajiye loma.

Ta ce, "Ci abincinka. Ka san wa ya fid da ni?"

Na ce masunta.

"Shi ne. Da gashina ya jawo ni, bakinsa yana ta zubar da jini, haɓarsa ta karkace. Ya ɗora ni kan wani kututture, na ce mishi ɗiyata. Ya koma. Ya fito, ya koma. Ina kallo har na daina ƙirgawa. Sai da mutane suka danne shi cikin kwale-kwale suka zauna a kansa."

Na ce, "Shi ya cika jirgin da buhuna."

Ta ce, "Shi ne. Ni kuma na ga ya cika na shiga, don ina son mu iso kafin ka taso daga aiki. Sai ka haɗa mu ka ƙi."

Ruwa ya ci gaba da zuba. Can ta ce, "Ni ina cin tuwona. Shi yana da 'ya'ya, kuma yunwa za ta kashe shi a gabansu. Abin da ka koyo, in na gaske ne, ka kai shi."

Juma'a, da safe

Kulu ba ta sake tayar da maganar ba.

Lahadi, 10 ga Yuni, bayan Azahar

Na sake yin mafarkin ƙarƙashin tafki. Wannan karon ba Farfesa. Ni kaɗai ne, ina riƙe da injin huda, igiyarsa ta miƙe sama har inda haske yake, ban san wa ke riƙe da ɗaya bakin ba. Ban ji tsoro ba. Ruwan yana da ɗumi.

Da na farka na aika a gaya wa Delu mijinta ya zo ranar Talata.

Talata, 12 ga Yuni, da rana

Ya zauna a kujerar, ya kwance rawanin. Bai kalle ni ba, ni ma bakin kawai na kalla. Baki baki ne. Dasashin ya warke, karayar ta haɗe da ɗan karkata amma ba ta ɓata cizo ba. Ba ya shan taba, ba ya cin goro. Hoton ya nuna ƙashin gaba yana da tsawo, kuma jijiyar tana nesa da inda zan huda. Ƙarfe biyu za su ɗauki gadar haƙoran. Farfesa ta ce muƙamuƙin ƙasa ya fi saurin kamawa.

Na yi masa bayani yadda na yi wa Kulu, amma a gajarce. Na gaya masa yana iya ƙin kamawa. Na gaya masa ban taɓa yi wa mutum ba, sai saniya, ita ma matacciya.

Ya ce, "Likita, don mi?"

Na ce, "Buɗe bakinka, ban gama ba."

Da na sa madubi a ciki, sai ƙarfen ya ƙwanƙwasa turminsa. Rahamatu ta ji. Shi ma ya ji.

Alhamis, bayan La'asar

Na koma wurin Umaru. Na huda rami bayan rami har aka ɗauke wuta. Ba wanda ya ƙone.

Asabar, 16 ga Yuni, da sassafe

Yau za mu Legas ni da Tanko. Kulu ta dama mana fura a jarka saboda shi. Inna ta zo ta yi mana addu'a, ta haɗa da shi a ciki, da sunansa.

Asabar, bayan La'asar, Jebba

Mota ta tsaya direba yana gyaran taya, ina rubutu a kan gwiwata.

Tun daga Yelwa har Mokwa ba mu yi magana ba. Kafaɗarsa tana gugar tawa a kowane rami. Da muka hau gadar Jebba ya rufe ido, bai buɗe ba sai da muka sauka. Kogin namu ne dai, ya biyo mu har nan.

Muka zauna a gindin wani mangwaro, na zuba masa fura. Ya sha, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya ce, "Likita, ran da za ka riƙe wuƙa a bakina, hannunka ba ya tunawa?"

Na ce, "Zai tuna. Amma zai yi aikinsa."

Ya gyaɗa kai. Sai na ji bakina ya tambayi abin da ban shirya ba. Na ce ya gaya mini yadda take a jirgin, kafin abin ya faru. Kulu ba ta iya ba ni wannan, ni ma ban iya tambayarta ba.

Ya ajiye kofin. Sannan ya ce, "Ita tac cika muna jirgi da surutu. Haƙorinta shina girgiɗi tun can ƙetare, tana ta wasa da shi. Muna tsakiyar ruwa sai tac cire shi da kanta, ko kuka babu. Tat tashi tana gwada ma kowa. Har ni tag gwada ma, tac ce, 'Mai jirgi, babana likitan haƙori ne, amma na riga shi.' Wata tsohuwa tac ce ta rufe baki kada ƙadangare ya gani, sabo ya ƙi fitowa. Tac ce, 'Ina ƙadangare cikin ruwa?' Jirgi duk aka sa dariya. Tad dunƙule shi a hannu, wai sai ta kai maka ka gani."

Ban san ta fara famfara ba. Sati biyu suka yi a ƙetare wurin suna. Da suka tafi duk suna nan daram, ni na duba su da kaina.

Na yi dariya, ta gaske, har mutanen motar suka waiwayo. Daga nan abin ya juye, na kifa kaina a gwiwa. Tanko bai taɓa ni ba, bai ce in yi haƙuri ba. Ya zauna kawai har na gama.

Na share fuska na ce, "Na sama ne ko na ƙasa?"

Ya ce, "Na ƙasa. Na tsakiya."

Na ce, "Daidai ne. Shi ke fara fita."

Direba yana kira.